Salansar da Za Ta Kai Kunnen Inna

Ni da kunne nake cin abinci. Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce, irin wanda masu albasa ke kafawa a bakin rijiya, tun daga fadamar Konni har lambunan Galmi, kuma kafin in sauka daga kan moto na riga na gane ciwon inji daga tarinsa. Masu lambu sun san da haka. Wani zai fara yi mini dogon bayani, in ce masa ya huta ya tayar mini da shi kawai, injin ya fi shi iya faɗin abin da ke damunsa. An ce yabon kai jahilci, na ji, amma a wannan fage ban ga wanda zan sara wa ba. To mutum irina, ranar da salansar motonsa ta mutu, ba mai zaɓa masa wata da ido.

Moton kuwa ba irin na kowa ba ne. Na saye shi a hannun wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can gabas, ya ga ba zai iya tafiya da shi ba. Dogo ne mai ƙasa-ƙasa, sirdinsa faffaɗa, kansa a buɗe kamar ƙahon bijimin Bororo. In ka hau, zama kake yi na sosai, ƙafafu a gaba, ba tsugunon da 'yan kabu-kabu ke yi a kan nasu ba. Su ne ma suka laƙaba masa suna gadon Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Silinda biyu gare shi, kowace da bututunta, su taho ta gefen dama su kwanta ɗaya bisa ɗaya. Ba ya ihu. Gurnani yake yi, a hankali, daga ƙirji. Kowa ya ce mini wannan ba moton yashi ba ne, kuma gaskiya suka faɗa, a yashi sai wanda ya san hannunsa. Ni na san nawa.

Kowace Alhamis nakan bar kwalta in ɗauki hanyar ƙauyenmu, a ƙasar Tajaye. Hanyar na san ta kamar yunwar cikina. Akwai ƙorama, sai gonakin hatsi, sai maƙabarta a hannun hagu inda babanmu ke kwance, wurin da nakan saki mai in yi musu sallama, sai kuma wani tudun yashi, daga nan ka hango rumbunan gari. Gidanmu na can ƙarshe, da itacen bedi a tsakar gida. Inna ce a ciki, da autarmu da mijinta, don tun da idon Inna ya tafi suka dawo gidan da zama.

Ni ne ɗan farinta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba zan ji ba. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, ita ta yi mini goyo da faɗa da komai. Inna kuwa in na shigo ta gabas sai ta bi yamma. In dole ta yi maganata sai ta ce wancan, ko ɗan tsohuwa, da na sayi moto kuma na koma mai moton nan. Autarmu tana kwanciya a cinyarta, ta ja mata kunne, ta ci mata goro, ni kuwa da furfurata gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma daga bayan ƙyaure, ta amsa a gajarce kamar mai amsa wa baƙon da ya ɓata hanya. Yaran yanzu da suka yi lakwal, wato boko, suna ce wa wannan tsohon yayi. Su ta shafa. Ni ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba, don na san abin da nake tararwa duk Alhamis.

Ƙwarya nake tararwa a gindin bedi, an rufe da faifai, ludayi a kai, tabarma a shimfiɗe ba kowa. Furar kuma sabon damu ce, nonon bai ko kwanta ba. Na san hannun autarmu, ita damu take yi lilis, ta cika sukari kamar ta mai jego. Wannan kuwa da gaya a ciki manya-manya, citta ta ji, ba sukari, yadda nake so tun ina ƙarami, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a gidan nan. Ko bayan da yanar ido ta rufe mata gani, aka kai ta asibiti aka yi aiki bai yi ba, ƙwaryar ba ta fasa ba. Sai dai wani lokaci ka ga nono ya ɗan zuba a gefe.

Autarmu ce ta tabbatar mini da abin da na daɗe ina zato. Ta raka ni ƙofar gida wata rana, ta rage murya ta ce, "Yaya, ka san Inna ta riga kowa jin ka? Muna zaune ba mu ji komi ba, sai ta miƙe ta laluba ƙwarya. Ta dama, ta ruhe, ta bi bango ta shige ɗaki. Sannan mu mu ji moto."

Na ce, "To ke ba sai ki riƙa gaya mata ba, in na kira ki a waya?"

Ta ce ai ta taɓa gwadawa. Ta ce mata Inna, yaya na bisa hanya. Inna ta ce to mi ya shahe ta, ta juya baya, ranar ko ƙwaryar ba ta taɓa ba. Sai na tuna lallai akwai wata Alhamis da na sha fura mai sukari. Abin a fili yake. In an faɗa mata, ya zama ta tashi ta yi wa ɗan fari hidima a gaban mutane, wannan kuwa ba za ta yi ba ko za a yanka ta. In kuwa kunnenta ne ya ji, to ba wanda ya ce komai, ba wanda ya ga komai, fura ce kawai ta ga dama ta dama. Duk abin da ke tsakanina da mahaifiyata a duniya, a kan muryar moton nan yake tafiya.

Sai salansar ta mutu. Dama ta daɗe tana jinya. Ruwan ƙorama na damina ya sha shiga cikinta, tsatsa ta ci ta daga ciki, mai walda ya yi faci har faci ya hau kan faci. Ranar da ta ƙarasa, ina dawowa daga Malbaza na faɗa wani rami, na ji ƙwaram, ta ƙasan ta rabe gida biyu, ta saman ta bi ta da rawa. Na kai wa mai walda, ya juya ta ya latsa da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ce, "Maigida, wannan ta zama ɓawon albasa, ba inda wuta za ta kama." Ban yi masa gardama ba, don na ga abin da ya gani.

Alhamis ta zo moto na jingine. Na ce ba zan fasa zuwa ba, na hau mota zuwa mararraba, daga nan na ɗauki kabu-kabu. Mutumin irin masu saurin nan ne, ya fizge mu ta ƙorama da gonaki da maƙabarta da tudu a numfashi ɗaya, sallamar ma a zuci na yi ta. Na shiga gida. Autarmu ta tafi rijiya. Inna na zaune a tsakar gida ita kaɗai, kanta ba kallabi, tana tsince wake da yatsu a cikin faifai. Rabona da in ga fuskarta kusa haka har na manta. Na yi sallama a hankali.

Ta ɗago ta ce, "Wa ne ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ta zabura. Waken ya watse, ta kai hannu neman kallabi ba ta samu ba, ta nufi inda take zaton ƙofar ɗaki take, sai ta ci karo da turmi. Na ji ƙarar ƙashin ƙaurinta. Na yi taku ɗaya zan riƙe ta, ta ɗaga mini hannu, na tsaya cik kamar an dasa ni. Haka ta lallaba da ɗingishi ta bi bango ta shige, ni kuwa ina tsaye, ƙato da ni, ina kallo. Raina ya ɓaci ranar, ɓacin da ban taɓa ji ba tun rasuwar babanmu. Daga baya autarmu ta ce mini ƙafar ta kumbura, amma ba ita ta dami Inna ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne an zo an tarar da ita haka, ba ko ruwa.

Washegari da hantsi na tura moto zuwa shagon taubashina. Ɗan ƙanwar babana ne, yana sayar da kayan moto a Konni, kayansa rabi daga hayin iyaka suke shigowa, rabi gwanjon Kwatano. Ni ina ce masa bawana tun da shi ɗan mace ne, shi kuma bai taɓa yarda ba ko sau ɗaya. Yana hango ni ina turi ina gumi ya fara dariya.

"A'a, yau gado ne bisa Alhaji? Kawo shi nan in yi maka sadaka, na san ba ka da ko ta shayi."

"Tashi ka ba ubangidanka kujera," na ce masa. "Salansa nika so, kuma ba irin tarkacen da kaka ɗora wa 'yan kabu-kabu ba."

Ya shiga ciki ya fito da wasu guda biyu a leda, dogaye, suna walƙiya har kana ganin haƙoranka a jiki. Ya ce waɗannan su samarin Sakkwato ke rububi, in na ɗaura su duk Konni sai ta san na fito. Na karɓa. Ba nauyi, kamar gwangwanin madara. Na ɗaga ɗaya na saita rana na leƙa, sai na ga sararin sama fes ta ɗaya bakin. Bututu ne zalla, ba hanji a ciki. Na ce kyan ɗan maciji ke nan, wannan ƙarfe kafin kaka ya yi shuɗi, kafin wata damina ya huje. Ya ce in dai gwada, gani ya kori ji. Na ce a sana'ata ji ne ya kori gani, amma kawo.

Muka ɗaura su da waya, na tayar. Wallahi kamar ana yaga sabon yadi a cikin kunnenka. Wani jaki da ke tsaye da amalanke a gefen shago ya ɗaga kai ya yi gaba da buhunan mutane, mai shi na bin sa yana zagina. Na ja mai na saki, sai ta yi tas, tas, tas, kamar harbi. Nan na kashe. A zamanin nan da muke ciki, in mutanen ƙauye suka ji baƙon moto da irin wannan ƙara, mata kwashe yara suke yi, maza su leƙa ta saman danga. Ba zan shiga garinmu da abin da zai tsinka wa makauniya zuciya ba. Ban da haka ma, na san abin da taubashina bai sani ba. Ƙara mai tsini a kusa take da ƙarfi, in ta yi nisa iska ta cinye ta. Ƙaramin injin fetur yana ihu a lambu, ka tsallaka kwari biyu ka daina jin sa, amma babban injin gazuwal, wato dizal, mai bugu a hankali, tun kana bayan tudu kake jin sa a ƙirjinka.

Ya ce to tun da tsufa ya kama ni, ga ta tsofaffi. Ya jawo wata ƙatuwa baƙa, irin wadda bututun biyu ke haɗuwa su shiga ciki ɗaya. Ita kam ƙarfenta ba laifi. Amma tun kafin a ɗaura na ga cikinta zai sauka ƙasa da inda ya kamata, tudun yashin garinmu kaɗai ya isa ya kwashe ta. Muka gwada duk da haka. Shiru, sai wani sis-sis kamar keken ɗinki. Matata da za ta gani da ta yi murna, don ta daɗe tana cewa ina tayar mata da jikoki da asuba.

"Wagga ita ce daidai kai," in ji taubashina. "Ka shiga gari ba wanda ya sani, ka hita ba wanda ya sani, masu bin ka gyara su huta da ganin ka."

Na ce, "Cire ta. Wagga ko gona guda ba ta ƙetarewa."

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce wai ni me nake nema ne, mai ƙara na ƙi, marar ƙara na ƙi. Ban saba yi masa maganar kirki ba, shi ma bai saba yi mini ba, amma ranar na gaya masa. Na ba shi labarin ƙwarya da na turmi. Inna matar kawunsa ce, ta sha ba shi ƙanzo yana yaro. Ya shiga can ƙuryar shago inda yake zuba gwanjo, na ji yana ta watsi da ƙarafa, ya fito da ƙura har gira, ya zube mini tari a gaba ya ce, "Zaɓi da kanka, kunnenka ya hi nawa. Wanga kaɗai na yarda ka hi ni."

Na zauna a ƙasa da sifana a hannu ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ce kwal, na jefar. Wadda na girgiza na ji tsatsa na zuba a ciki kamar tsaba, na jefar. Can ƙasa na ci karo da wasu tagwaye, sun dushe, ɗaya da ɗan lotsawa a gefe, ba wanda zai dube su sau biyu. Na ɗaga, na ji nauyi ya ja mini hannu. Na buga, suka amsa dum, a cike. Na leƙa ciki, ga hanjin nan lafiya lau, bututu mai huda-huda tun daga farko har ƙarshe, sai dai abin da aka cusa a kewayensa ya ƙone ya zama toka. Daga wani babban moto aka ciro su, ba irin nawa ba, kunnuwan da ake ɗaurewa ba su zo daidai ba ko kaɗan. Wannan bai dame ni ba. Tsohuwar zuma da ita ake magani, kunne kuwa aikin mai walda ne.

A wurin mai walda muka yini. Na sa ya yanke kunnuwan ya mayar inda na auna, na sa ya ɗan ɗaga bakinsu sama saboda ruwan ƙorama, na kuma bar tazara tsakaninsu da inda ƙafar wando ke sauka, don tsohuwar ta ƙone mini wanduna ba ɗaya ba. Sannan muka buɗe su ta baya. Abin cusawa na asali ba a samun sa a Konni, sai na tafi layin masu kayan mata na sayo soson ƙarfe na wanke tukunya, irin wanda ba ya tsatsa, cike da leda. Matar da ta sayar mini ta ce Allah ya sa ba yaji uwargida ta yi ba. Na ce ko ta yi, ai ga shi na shirya.

Cusawar ita ce aikin. In ka cika, murya ta shaƙe. In ka rage, ta yi tsini. Na cusa, muka rufe, na tayar, na saurara, na ce a buɗe. Mai walda ya gaji da ni har ya daina magana. Da na sami inda nake so, sai na koma kan kafireta, don sabuwar hanya ta fi tsohuwar buɗewa, inji na shan iska fiye da mai, shi ke kawo harbin nan in ka saki hannu. Na ƙara masa kaɗan-kaɗan har na ja na saki ya sauka lumui, ba tas ko ɗaya.

Saura nisa. Wannan ba a gane shi a bakin shago. Da la'asar na ɗauki taubashina muka fita bayan gari ta hanyar Alela, na sauka a wata gona da aka girbe, na auna da ido kamar daga maƙabartarmu zuwa gindin bedi, na ƙara da wani abu. Na ba shi moto na ce ya je can bayan tudu ya taho. Ni kuma na zauna a kan kunyar gona, na juya baya, na ja rawani na rufe idona.

Ban taɓa zama haka ba. Da ido a rufe duniya ta cika da ƙananan abubuwa, karan dawa na motsi, wata akuya can nesa, kabu-kabu na wucewa ɗaya bayan ɗaya duk muryarsu guda. Na ce ashe haka take zaune, yini guda, mako guda, tana tace wannan duka don ta tsamo abu ɗaya. Tausayinta ya kama ni. Sai na ji moton. Tun yana bayan tudu, can ƙasa-ƙasa, bugu mai nauyi yana tahowa ta cikin ƙasa kafin ya zo ta iska. Ya kai, har ya wuce yadda tsohuwar ke kaiwa.

Amma ba muryar da ba ce. Kusa ce, kamar ta wa da ƙane, sai dai tsohuwar tana da wani ɗan shi-shi a ƙarshen kowane bugu, wanda facin mai walda ya haifar, wannan kuwa ba a sayar da shi a kowane shago. Ban da haka ma, a hannun taubashina moton gaba ɗaya ya zame mini baƙo, yana ta fizgar sa kamar mai gudun duwan. Da ya iso na gaya masa hannunsa hannun bawa ne. Ya ce to in shi-shi nake so, a kawo ƙusa ya huda mini ita yanzu, magana ta ƙare. Na dubi salansar. Na ce a'a. Ban taɓa huda lafiyayyen ƙarfe don ya yi kama da marar lafiya ba, kuma kunnen da ke riga na kowa a gidanmu ba ƙusa ce za ta ruɗe shi ba. Na zaɓi abin da na san daidai ne, zan je da shi a haka.

Na faɗi haka da ƙarfin zuciya, kuma har yau ina kan bakana. Amma ranar Alhamis da na bar kwalta, da fargaba na tafi. In ba ta gane ba, zan sake tarar da ita a tsakar gida, ko kuma in tsaya a waje in aika a gaya mata, in sha fura mai sukari daga nan har ƙarshen abin da ya rage mana. Na ƙetare ƙorama, sabbin ba su ko taɓa ƙasa ba. Na ratsa gonaki. Na zo maƙabarta na saki mai kamar kullum, moto ya sauka a hankali yana bugu ɗaya-ɗaya, na yi wa babanmu da maƙwabtansa sallama, na ja na hau tudu.

Na kashe a ƙofar gida, na daɗe ina gyara tsayuwar moto da ba ta buƙatar gyara. Sannan na yi sallama na shiga.

Tabarma a shimfiɗe ba kowa. Ƙwarya a gindin bedi, faifai a kai, ludayi a kan faifai, nono ya ɗan zuba a gefe. Autarmu na bakin murhu tana yi mini wani murmushi. Na je bayan ƙyaure na durƙusa na yi gaisuwa, aka amsa a gajarce. Na dawo na zauna na buɗe. Gaya manya-manya, ƙamshin citta ya bugi hancina.

Autarmu ba ta iya barin magana ta kwana. Ta ɗaga murya wajen ɗaki ta ce, "Inna, yau kin yi damu da wuri. Ni ko ban ji komi ba sai wani baƙon moto."

Na riƙe ludayi ban kai baki ba. Can muryar Inna ta fito, ba da ni take ba, da autarta take.

"Baƙo a wurinki. Moto nawa ka bin hanyag ga tun sahe, duk sai su wuce maƙabarta awa ana korar su. Guda ɗai ka sassautawa nan."

Autarmu ta dube ni, na dubi ƙwarya. Shekara da shekaru ina tsammanin ƙarfe take saurare.

Inna ta ɗan yi tari, ta ƙara da cewa, "Wagga dai ta hi waccan. Waccan sai ya kusa nika jin ya sassauta, in yi ta sauri. Wagga tun daga ƙorama nij ji ta, da ta sassauta a maƙabarta na tabbata, har na samu na daka citta sabuwa. Ki ce ma mai moton nan ya bar ta haka."

Autarmu ta juyo ta ce, "Yaya, wai ka bar ta haka."

Na ce, "Ki ce na ji."

Na sunkuyar da kai na sha furata har ƙasan ƙwarya, ban bar ko gaya ɗaya ba, don na san in na tafi za ta sa hannu ta duba.